Jif Ɗin Alhaji da Shinkafar Talatu

Me ya sa bakin da ya buɗe a gaban matan gari guda, har masu kamun kifi a bakin dam suka ce sun jiyo, ya kasa buɗewa a cikin ɗaki, daga ni sai mutum ɗaya? Shekara shida ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, amsa ta ƙi zuwa. Binta, autata, ita ce riƙe da biro, don ni ko sunana aka rubuta aka miƙo min sai in yi tsammanin takardar magani ce. Ta ce in fara daga farko. To, farkon dai mota ce.

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da Larabar da Malam ya faka ƙaramar jif a ƙofar gidanmu ba. Malam shi ne maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yara a tsohon garinmu, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan Tiga. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, yana ɗauko wa wani Alhaji na Kiru masara daga Doguwa, har ciwon baya ya sauke shi. To, shi Alhajin ne ya ga sabuwar jif a Kano ransa ya biya, amma ya ce ba zai ƙulla ciniki ba sai Malam ya hau ta, ya shiga daji da ita, ya dawo ya faɗa masa gaskiya. Masu sayarwa suka yarda a gwada ta yini guda. Wato motar ba tamu ba ce, ba ta Alhaji ba ce tukuna. Ku riƙe wannan.

Sai kuma in gaya muku ko ni wace ce a lokacin, don ku san daga inda na faɗo. A garinmu na sabon matsuguni, a ƙasar Bebeji, ba a kai amarya ɗakin miji sai an zo an ce Iya ta zo ta yi mata faɗa. Ni ce Iyar. Ina da dokoki uku da kowace yarinya ta haddace: kada a gan ki zaune kafaɗa da kafaɗa da mijinki a gaban mutane, kada a ji muryarki daga wajen katanga, kada sunansa ya fito daga bakinki har ki koma ga Allah. Ta ukun nan ita ce abin alfaharina. Tun ranar da aka ɗaura mana aure sunan Malam ya fita daga bakina. Duk yaron da ya ci sunan, ni a wurina Mai Sunan Malam ne. Shi kuwa, da yake abokin wasa ne, babu dabarar da bai yi ba don ya ji na faɗa. Ya taɓa turo ma'aikatan rigakafi su tambaye ni sunan mai gidan, na ce su tambayi maƙwabta. (Binta, kar ki kuskura ki rubuta shi a takardar nan. Na ga hannunki yana motsi.)

Mako guda kafin zuwan motar ma sai da na tsayar da wata yarinya, Talatu, a bakin rijiya, na wanke ta tas a gaban mata don na ji ta ambaci mijinta da sunansa gatsau. Har kuka ta yi. Na koma gida ina jin na gyara duniya.

Da na leƙo zaure na ga motar, abin da ya fara zuwa raina shi ne akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu. Gajeriya ce, ba ta da hanci sosai, ga taya guda a maƙale a bayanta kamar ta yi goyo. Fara ce sol. Na ce wa Malam wannan ai ba ta gama girma ba aka raba ta da uwarta. Ya ce in ɗauko mayafi in zo in raka shi, Alhaji yana son a ji ra'ayin mace, don iyalinsa za ta riƙa ɗauka. Yanzu na san ƙarya yake, shi dai yana son ɗan hira. A lokacin kuwa sai na ji kamar gwamna ne ya aiko a tambaye ni shawara. Na saka atamfar da na ajiye don Sallah.

Niyyata in zauna a baya kamar kowace matar kirki. Sai aka tarar ƙofa biyu gare ta. Duk mai shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba, ya sunkuya, ya tura kai ciki, ya bar sauran jikinsa a waje yana kallon jama'a. Ga yara da manya sun cika ƙofar gida. Na auna abin, na ga zama a gaba ya fi sauƙin kunya. Haka dokata ta farko ta faɗi tun ba a kunna mota ba, na kuma samo mata hujja mai kyau.

Cikinta ƙamshin sabon takalmin roba yake yi. Kujerun duk da ledarsu, ko numfashi na yi sai ta yi ƙara a ƙarƙashina. Ga tsayi: mutanen da na saba gaisarwa ido cikin ido, ranar nan saman hulunansu nake gani. Malam ya murɗa wani abu, sai sanyi ya fito ta wasu ƙananan tagogi ya nufi gwiwoyina kai tsaye. Na ce ya kashe, ya sauke min gilashi, sanyin bature ba ya yi wa ƙashina daɗi. Gaskiyar magana kuwa, gilashin yana da ɗan duhu, na lura ba a gane wadda ke ciki. Ina amfanin shiga sabuwar mota ba a san kai ne ba?

A kan kwalta ban yaba mata ba. Tsalle take yi kamar ɗan akuya, ko ƙaramin rami ta taka sai haƙorana sun haɗu. Har muka wuce Tudun Wada ina mita. Malam bai kula ni ba, ya karkatar da kai yana sauraron injin kamar mai jin gulma ta bayan katanga, wani lokaci ya ce mata madalla, wani lokaci ya ce a'a, ban da ƙarya. Amma da muka sauka daga titi muka kama hanyar daji wajen Doguwa, sai yarinya ta nuna halinta. Duwatsu, yashi, gangare, duk ba ta san da su ba. Muka zo wani rafi da Malam ya ce ya taɓa kwana biyu a cikinsa da babbar mota. Ya tura wani ɗan ƙaramin giya da ke gefen babban, ya ce yanzu ƙafafun huɗu za su ja tare. Ta shiga, ta fita, ko tari ba ta yi ba. Na ce to, na janye rabin maganata.

A can ne girman kai ya same ni. Garken shanu ya tare mana hanya, wani bijimi ya tsaya a tsakiya ya ƙi motsi. Malam ya yi ta danna hon, sa yana kallonsa kamar yana jiran ya gama. Ni kuwa, babanmu bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka tun ina shekara tara ni ce mai riƙe akalar shanun huɗa, shi yana bin garma a baya. Daga nan Malam ya samo sunan da yake kirana da shi, Mai Garma. Sai na zuro kai ta taga, na yi wa bijimin nan irin kiran da nake yi wa namu, can ƙasa-ƙasa. Ya kaɗa kunne, ya juya, ya ba mu hanya. Dattijon Bafulatanin da ke bayansu ya ƙaraso yana murmushi, suka gaisa da Malam, ya ce masa ya yi dace da mata.

Daga nan har muka juyo gida ban rufe baki ba. Na ce wa Malam duk wannan tuƙin da yake taƙama da shi shekara talatin, zama ne kawai a kujera. Na tuna masa da Ɗan Ja, san babanmu da ya taɓa jefar da ƙarti biyu a kunya ɗaya, amma ni in na riƙe igiyar hancinsa sai ya bi ni kamar tunkiya. Na ce wadda ta iya da mai ƙaho, mai numfashi, mai zuciya, wane ne ƙarfen da ba shi da ra'ayin kansa? Ya ce haka ne. Ya sake cewa haka ne. Da na san Malam kamar yadda nake tsammani, da wannan haka ne ɗin ta ba ni tsoro.

Mun iso bakin gari bayan azahar. Akwai wani fili babba a nan, shimfiɗaɗɗe, inda mata ke shanya shinkafar da suka turara kafin a kai inji. Bayan wurin shanyar akwai kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Malam ya tsaya can ɗaya ƙarshen filin, nesa da kowa, ya kashe mota, ya fita ya zagayo ta wajena.

"Mai Garma, ga akala. Matsa can."

Mace mai hankali cewa za ta yi wasa nake. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na hango Talatu a cikin masu shanya, ta yi wa idonta inuwa da hannu tana kallonmu. Ban san lokacin da na tattare atamfata na koma kujerar direba ba.

Ya nuna min abubuwa uku a ƙasa. Na hagu kuloci, na tsakiya birki, na dama totur, shi ne mai ba ta wuta. Ya ce in ba na son komai, in ɗaga ƙafar dama in taka na tsakiya, shi ke nan. Na ce na ji, ai ba karatun allo ba ne. Sau biyu tana zabura tana mutuwa. A na uku ta tafi.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Abu mai nauyin nan yana tafiya don ni na ce ya tafi, sitiyari a hannuna laushi kamar faifai, iska tana shigowa tana kaɗa min mayafi. Na ce a raina ashe abin da maza suka ɓoye mana ke nan. Muka doshi tsakiyar fili a hankali. Mata suka miƙe tsaye. Sai na ga bai kamata babba kamata ta wuce jama'a ba gaisuwa, na saki hannu ɗaya na ɗaga musu.

Hannun da ya rage ya ja sitiyari gefe. Mota ta juya hanci ta kalli shinkafa.

Malam ya ce, a natse, in ɗaga ƙafar dama. Kunnena ya ji, amma jikina bai karɓi saƙon ba, don jikina yana da nasa karatun tun ina shekara tara. Duk wanda ya taɓa riƙe sa ya san yadda ake tsayar da shi: ka damƙe igiya, ka ja ta zuwa ƙirjinka, ka kwanta baya, ka kafe dugaduganka a ƙasa da duk ƙarfin da Allah Ya ba ka. Haka na yi, ban rage komai ba. Na rungumo sitiyari ina ja, na kwanta jikin kujera, na kafe ƙafa. Ƙafar kuwa tana kan totur.

Motar ta yi wani gurnani ta zabura. Ni kuma da na ji ta ƙi tsayawa sai na ƙara kafewa, don haka ake yi wa mai taurin kai. Na buɗe murya, muryar da na yi shekaru ina cewa kada a ji ta a wajen katanga, ta tagar da ni da kaina na sa aka sauke:

"Ɗan Ja, tsaya! Tsaya, don ubanka!"

Ɗan Ja ya shekara arba'in da shiga tukunya. Muka hau shanyar farko, shinkafa ta tashi sama kamar ana sheƙa. Muka hau ta biyu. Mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta bar zani a hannun wata, kaji suka bi iska. Malam yana miƙa hannu wajen makulli, mayafina ya naɗe wurin, gwiwar hannuna kuma tana tokare da ƙirjinsa. (Ya rantse min daga baya cewa ba dariya ce ta rage masa ƙarfi ba. Ban yarda ba har yau.) Sai na ɗaga ido na ga kududdufi yana tahowa.

A nan ne abin ya faru. Na ga ruwa, na ga mutuwa, na ga motar mutane. Ban kira babana ba, ban kira Ɗan Ja ba. Sunan Malam na kira. Sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa, ba Malam, ba maigida, ba komai a gaba ko a baya. Sau uku, kowanne ya fi na baya ƙarfi.

Ya samu makullin ya murɗe daidai lokacin da tayoyin gaba suka nutse a taɓo. Mota ta yi shiru. Filin ma ya yi shiru, sai ƙarar ƙwayoyin shinkafa suna gangarowa daga saman rufin ɗaya bayan ɗaya. Ina nan rungume da sitiyari, ɗankwalina a wuya. Na juya in ga ko Malam ya ji ciwo, na tarar ya kifa goshi a gaban mota, kafaɗunsa suna rawa, hawaye har gemu.

Mata suka taho a hankali suka kewaye mu. Talatu ce a gaba, kuma shanya biyun da na bi ta kai duk nata ne. Ta durƙusa har ƙasa kamar yadda na koya mata, ta gaishe ni da sannu da hanya, ta tambayi gajiya. Sannan ta ɗago, da ladabinta, ta ce:

"Iya, ashe kin san sunan."

Da an ba ni zaɓi a lokacin, da na ce Malam ya sake kunna motar mu ƙarasa cikin ruwan.

Shi kuwa ya share ido, ya zagayo, ya ce in matsa. Ya tura ɗan ƙaramin giyan nan, motar ta ja da baya ta fito daga taɓo kamar ba ita ba. Ko ƙwarzane babu. Ya wanke ta da kansa, ya mayar da ita Kano da yamma. Ya ce da Alhaji ya tambaye shi yaya ya gan ta, sai ya ce a kwalta tana da tsalle, a daji ba ta da na biyu, tana hawa shinkafa, tana shiga kududdufi ta fito, kuma an gwada ta a hannun da ya fi kowane hannu tsanani a ƙasar Kano. Alhaji ya saya. Ya riƙe ta shekaru, duk lokacin da ta wuce ta garinmu sai yara su bi ta suna kiran Ɗan Ja.

Ni kuma kwana biyu na yi a tsakar gidan Talatu da faifai a cinya, ina tsince tsakuwa daga shinkafarta. Ruwa take kawo min, ta kawo min goro, in mijinta ya yi sallama ta ce ga maigidan nan ya dawo, tana kallon ƙasa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Bikin da ya biyo baya an zo an kira ni kamar kullum, na kuma je, don na ɗauka abin ya wuce. Na zauna gaban amarya, na faɗi doka ta farko, na faɗi ta biyu. Ina buɗe baki zan kama ta uku, sai wata daga can bayan ɗaki ta ce, a hankali, Ɗan Ja, tsaya. Na ga mayafin amarya yana rawa. Na ce Allah Ya ba da zaman lafiya, na nemi takalmana. Daga ranar na ajiye wannan aiki, kuma abin mamaki, aure bai daina zama a garin ba.

Abin da na koya? Mota ba sa ba ce, in ka kafe mata ƙafa gudu take ƙarawa. Kuma duk wadda za ta yi abin kunya, ta bar gilashi a rufe.

Sai dai akwai abin da ban koya ba, shi ya sa na ce Binta ta ɗauko biro. Bayan ranar nan na koma gidan jiya. Na ƙara ƙulle bakina fiye da da, kamar in na yi shiru sosai za a manta. Malam kuwa ya samu abin wasa har ƙarshen ransa. In na kawo masa tuwo sai ya ce yau wa aka dafa wa, in faɗi sunan mai shi. In ce Malam, ka ci abincinka. Ya ce zai je ya aro jif.

Ciwonsa na ƙarshe wata uku ya yi. Ranar da zai tafi, bayan la'asar, 'yan dubiya sun fita, yara suna waje, daga ni sai shi. Ina yi masa fifita. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce in kira shi irin kiran ranar shinkafa, sau ɗaya, ba sai da ƙarfi ba. Na ɗauka wasan ne na kullum. Da na dubi fuskarsa na ga ba wasa a ciki. Na ajiye mafici. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan yana nan a kan harshena, babu Talatu, babu kowa, ko kaza babu a ɗakin. Ya ƙi fita. Sai hawaye. Yanzu kullum in na idar da sallah ina faɗarsa a cikin addu'a, a zuci, inda ba ya ji.

Ya daɗe yana jira. Da ya ga abin ya gagara, sai ya lalubo hannuna, ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya ce:

"Bar shi, Mai Garma, kar ki wahalar da kanki. Ai na taɓa ji a bakinki har sau uku, gari guda shaida ne. Ya ishe ni guzuri."